Kyamarar da ke kama haske yana tafiya

Wai da gaske ana iya ɗaukar bidiyon haske yana gudu?

Ana iyawa. Haske na cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda. Ko kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ka ba shi, ya yi tafiyar santimita 30, tsawon rular ɗan firamare. A 2011 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Ramesh Raskar, suka nuna ɗan tartsatsin hasken leza (siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa) yana ratsa kwalbar lemo daga gindi har murfi, a hankali kamar hawainiya.

To, shi ke nan an gama?

Da sauran rina a kaba. Wancan bidiyon ba a tashi ɗaya aka ɗauke shi ba. Sun yi ta harba hasken sau miliyoyi, kowane karo su tsinci ɗan yanki, daga baya kwamfuta ta harhaɗa. Kwalba dai ba ta motsi, kuma ba ta gajiya. Jikin mai rai kuwa ba ya maimaita abu sak don ka samu hoto mai kyau.

Nan ne aikin masanin kimiyya Lihong Wang ya shigo. A 2014, yana Jami'ar Washington da ke St. Louis, tawagarsa ta ƙera kyamarar da ke ɗaukar hotuna biliyan 100 a daƙiƙa, daga harbi ɗaya tak. Tana dunƙule abin da ya faru cikin hoto guda, sannan lissafi ya warware shi. Zuwa 2020, bayan ya koma jami'ar Caltech da ke California, sun kai hotuna tiriliyan 70 a daƙiƙa.

Ina ruwan likita da wannan?

Akwai sinadarai a cikin ƙwayoyin jiki da, in an haska su, sukan mayar da ɗan ƙyalli da ke mutuwa nan take. Tsawon lokacin da ƙyallin ke yi kafin ya mutu yana sauyawa da halin da ƙwayar ke ciki, har yakan taimaka wajen bambance tsoka mai lafiya da mai ciwon daji. Akwai kuma babban burin ganin saƙo yana bi ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Yaushe za ta iso asibiti?

Ba yanzu ba. Na'urar tana ɗakin gwaji ne, ga tsada, kuma haske na tarwatsewa da zarar ya nutsa cikin tsoka kimanin milimita ɗaya, hoton ya fara dusashewa.