Kumburin Nono Ga Mai Shayarwa

Kumburin nono, wanda likitoci ke kira mastaitis, ciwo ne da ke kama naman nonon mace, galibi mai jego. Ya fi aukuwa a makonni 12 na farko bayan haihuwa, kuma yawanci nono ɗaya yake kamawa. Wurin kan yi tauri da zafi da raɗaɗi, sai zazzaɓi da rawar ɗari su biyo baya, har wasu matan su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. A fata mai duhu ba lallai a ga ja ba, don haka taɓawa ta fi kallo nuna ciwon.

Tushensa taruwar ruwan nono ne. Idan jariri bai kama nono da kyau ba, ko aka daɗe ba a ba shi ba, ko rigar mama ta matse, hanyoyin ruwan sukan kumbura su ƙuntata. Idan kan nono ya tsage kuma, ƙwayar cuta, musamman Staphylococcus aureus, na iya shiga.

Abin takaici shi ne yadda ciwon ke jawo yaye ba shiri. Yayin kumburin gishiri yakan ƙaru a ruwan nonon, jariri ya ƙi wannan ɓangaren, sai a ce nonon ya lalace. A wasu gidajen ƙasar Hausa har akan tatsa a jefa tururuwa a ciki, in ta mutu a ce mugun nono ne. Wannan gwaji ba ya tabbatar da komai. Nonon bai zama guba ba, kuma hana jariri tsotso shi ke ƙara cunkoson, har ya kai ga ƙurji mai mugunya da sai an zuƙe ko an tsaga.

Akwai wasu dalilan daina shayarwa: tsoron cewa nonon ba ya isar yaro, komawa aiki ko makaranta, da kwanika, inda ake cire yaro da zarar ciki ya shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla wata 6, a ci gaba har shekara 2 ko fiye, kuma aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku. Amma binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla.

Magani yana farawa da ci gaba da shayarwa duk lokacin da jariri ya nema, da gyara masa kamu, da hutu, da ɗora tsumma mai sanyi. Farasitamol ko ibuprofen na rage zafi. Murza nonon da ƙarfi, ko gasa shi da ruwan zafi irin na wankan jego, na iya ƙara kumburin. Idan an kwana an wuni babu sauƙi, a je asibiti, domin ana iya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 10 zuwa 14. Kumburin da ya ƙi warkewa bayan magani yana buƙatar hoton nono, saboda akwai nau'in sankarar mama da ke kama da shi.