Waiwaye: yadda fiffike ke ɓallewa a jiragen haɗin gida

Jiya a teburin mai shayi nan Wunti wani ƙanena mai walda ya miƙo min waya, wai Yaya kalli wannan, wani yaro ne ya haɗa jirgi a bayan gidansu, ni ma da zan samu inji mai lafiya da tuni na tashi nawa. Na ce to fiffiken fa? Ya yi dariya ya ce ai waldarsa ba ta sakewa. Shi ne na ce bari in ɗan waiwaya, don harkar nan ta daɗe a duniya kuma ta ci rayuka.

Tun 1934 wani Bafaranshe Henri Mignet ya fitar da tsarin ƙaramin jirgi da kowa zai iya haɗawa da katako da yadi, mutane suka yi ta yi a Faransa da Ingila, zuwa 1936 sai ga mace-mace, jirgin in ya sunkuyar da kai ƙasa ba ya ɗagowa. Nan laifin zanen ne. A Amurka kuma Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar masu haɗa jirgi a gida ta EAA a 1953, su ne masu babban taron jiragen nan na garin Oshkosh duk shekara, dokar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ta ce sai kai ka yi fiye da rabin aikin da hannunka kafin a kira shi haɗin gida.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Steve Wittman. Mutumin nan fa gwani ne, ya yi tseren jirage, ya zana nasa, filin jirgin Oshkosh ma sunansa aka sa masa. A watan Afrilu 1995 yana da shekara 91, shi da matarsa suna cikin jirgin da ya ƙera da kansa, a sararin jihar Alabama jirgin ya tarwatse. Da aka bincika sai aka ga yadin da aka lulluɓe fiffiken da shi ne bai kama da kyau ba, ya ɗaye, iska ta samu wurin shiga. Kun san iskar farkon damina in ta samu kwanon rufin da ƙusa ɗaya ta saki, ya fara fat fat fat tana ƙara masa ƙarfi har ta yaye shi gaba ɗaya ta jefa gidan maƙwabta, to haka karkarwar fiffike take, sai dai a sama cikin daƙiƙu kaɗan ake gamawa, direba bai ma kai ga rage gudu ba.

Sai kuma Zodiac CH 601 XL, wanda ake sayen kayansa a akwati a haɗa. Daga 2006 ya fara karyewa a sama, zuwa Afrilu 2009 hukumar binciken haɗurra ta Amurka NTSB ta lissafa haɗari 6 da suka kashe mutum 10, ta nemi hukumar FAA ta hana shi tashi. An yi ta ja-in-ja, wasu na cewa masu shi ne ba sa ɗaure wayoyin sarrafa fiffike yadda ya kamata, daga baya dai FAA ta ce ƙarfin fiffiken kansa bai kai ba, aka fito da kayan ƙara masa ƙwari.

Kar in cika baki, binciken NTSB na 2012 ya nuna karyewar jiki ba ita ta fi yawa ba, mutuwar inji da kuɓucewar jirgi daga hannun direba su ne kan gaba. Amma a 2011 jiragen haɗin gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen Amurka, kuma su ke da kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai. Inji in ya mutu kana iya lallaɓawa ka sauka a gona, fiffike kam in ya tafi sai salati.

Mu ma ba baƙi ba ne a harkar, jirgin Air Beetle da sojan samanmu suka yi koyo da shi a Kaduna aka harhaɗa shi, daga tsarin RV-6A na haɗin gida, guda 60.

Na gaya wa ƙanen nawa a Amurka in injinka ba mai shaidar hukuma ba ne galibi sai ka yi awa 40 kana gwaji a keɓaɓɓen wuri kafin ka ɗauki fasinja. Ya ajiye kofin shayi ya ɗan yi lissafi da yatsu, ya ce Yaya kuɗin man awa 40 ɗin nan ai ya sayi mashin.