Sashen Kimiyya da Fasaha na Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka

Sashen Kimiyya da Fasaha, wanda a taƙaice ake ce masa S&T, shi ne ɓangaren bincike da ƙirƙira na Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka. An kafa shi a 2003 bisa dokar da majalisar ƙasar ta zartar a 2002 bayan harin 11 ga Satumba 2001. Shi ba ya kama kowa kuma ba ya gadin iyaka, aikinsa dai ya nemo kayan aiki, ya gwada su, ya miƙa wa masu fita fage wato 'yan kwana-kwana, 'yan sanda, masu tantance kaya a filin jirgi da masu ceto.

Abin da ya faru a New York ranar harin shi ya tona asirin matsalar, don 'yan kwana-kwana 343 ne suka rasu, kuma cikin abubuwan da bincike ya gano har da cewa rediyon oba-obansu da na 'yan sanda ba sa jin juna sosai, gargaɗin da wani ɓangare ya samu bai kai ga ɗayan ba, abin tausayi ƙwarai. Shi ya sa sashen ya kafa shirin gwada rediyoyin kamfanoni daban-daban a kan ma'aunin da ake kira P25, a tabbatar na wannan kamfani zai yi magana da na wancan kafin hukuma ta kashe kuɗi ta saya.

Yana da dakunan gwaji da dama. Na Atlantic City yana gwada na'urorin gano bam na filayen jirgi, na Fort Detrick a Maryland yana nazarin ƙwayoyin cuta da za a iya maida su makami, wanda tushensa wasiƙu ne masu ɗauke da ƙwayar cutar antaraks da aka aika a 2001 da suka kashe mutum 5. Akwai kuma na cikin birnin New York inda 'yan kwana-kwana da kansu suke zuwa su gwada kaya su faɗi ra'ayinsu.

Amma gaskiya aikin da ya fi taɓa zuciya shi ne FINDER, wata na'ura mai girman akwatin tafiya da suka ƙera tare da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Tana harba siginar radar cikin ɓaraguzan gini ta gano bugun zuciya da numfashin mutumin da gini ya danne, ko da ya suma ba ya iya ihu ballantana ya buga wani abu a ji shi, kuma tana bambance na mutum da na dabba. Lokacin girgizar ƙasar Nepal ta Afrilun 2015 an kai samfurinta garin Chautara, ta taimaka aka gano maza 4 da suka kwana da kwanaki ƙarƙashin bulo da ƙasa mai zurfin kusan mita 3, aka zaro su da rai.