Ɗaukar hoto da gajeren fim a ƙauye: tambayoyi da amsoshi

Dole sai da babbar kyamara?

A'a. Wayar da ke ɗaukar bidiyo mai ingancin 1080p ta isa a yi fim na minti biyar zuwa goma. Rawar hannu ce ke ɓata aiki, don haka a ɗora wayar a kan abin da zai riƙe ta, ko da buhun gero ne. A bar 4K, wato ingancin da ya fi 1080p, sai da dalili: cin wuri gare shi, kuma a zafin Afrilu waya kan yi zafi ta tsaya ana tsakiyar ɗauka.

Wane lokaci ne haske ya fi kyau?

Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana haske daga sama yake dukan mutum, idanu su faɗa cikin inuwa, hula ta rufe goshi. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma ƙura na hawa gilashin kyamara. A hure ta tukuna kafin a goge da tattausan ƙyalle, in ba haka ba yashi zai karce gilashin.

Me ya sa fuska ke yin duhu idan mutum ya sa farar riga?

Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne. In farar babbar riga ta cika hoton, sai ta rage haske don kada farin rigar ya yi yawa a hoton, fuska kuwa ta nutse. A danna kan fuskar a allon waya a riƙe har awon ya tsaya a nan. In bai isa ba, wani ya riƙe farin kwali daga gefe ya mayar da haske. A soro kuma, a zaunar da mutum yana fuskantar ƙofa, kada ƙofa ta kasance a bayansa. In da ƙwan lantarki ake ɗauka hoton yana ƙyaftawa, a mayar da saitin zuwa hoto 25 a daƙiƙa, shi ne ya dace da wutar Najeriya.

Murya fa?

Nan masu farawa suka fi faɗuwa. Mai kallo zai jure dishi-dishin hoto, amma ba zai jure maganar da ba ya ji ba. A maƙala ƙaramar makirfo kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, a sa mata soso saboda iska. A roƙi mai injin niƙa ya ɗan dakata, a nisanta janareta. A kowane wuri a naɗi daƙiƙa talatin ba wanda ke magana, da shi ake toshe giɓi wurin haɗa fim.

Wa ake neman izininsa?

Mai unguwa ko dagaci da farko, sannan shi wanda za a ɗauka, a gaya masa inda hoton zai je. Cikin gida sai da yardar maigida da ta matan, kuma ya fi sauƙi mace ta riƙe kyamarar. Fim ɗin da za a sayar ko a nuna wa jama'a a Kano yana bi ta Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001.

Ina za a nufa?

Kasuwar Maigatari ranar Alhamis, karar shanu ta Wudil ranar Juma'a, marinan Kura, ko dausayin Baturiya a Kiri Kasamma lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. A Birnin Kudu akwai tsofaffin zanen shanu a jikin duwatsu. Kada a yayyafa musu ruwa wai don launi ya fito, lalata zanen yake yi.