MilkDrop da maɓallan sarrafa shi

MilkDrop wata ƙaramar manhaja ce da ke aiki a cikin Winamp, manhajar sauraron kiɗa da kamfanin Nullsoft na Amurka ya fitar a shekarar 1997. Ryan Geiss ne ya ƙirƙiro ta a 2001, kuma aikinta shi ne mayar da sautin da ke tashi zuwa zane mai motsi a fuskar kwamfuta, inda launuka da siffofi ke juyawa gwargwadon bugun kiɗan. A 2007 aka fitar da MilkDrop 2, wadda ta fi ta farko cin gajiyar katin hoto na kwamfuta.

Kowane salon zane yana ajiye ne a cikin fayil ɗin rubutu mai ƙarewa da .milk, wanda ke ɗauke da lissafin da ke tsara motsin hoton. Saboda haka, duk wanda ya fahimci lissafin yana iya gyara salo ko ya ƙirƙiro nasa, kuma ta wannan hanya ce masu sha'awa suka tara dubban salo.

Da yake akan buɗe zanen ya cika fuskar kwamfuta baki ɗaya, mafi yawan sarrafawar da maɓallan allon rubutu ake yin ta. F1 yana nuna jerin maɓallan. Dogon maɓallin tazara yana sauya salo sannu a hankali, tsohon yana narkewa cikin sabon, H kuwa yana sauyawa nan take, abin da ya fi dacewa da kiɗa mai saurin bugu. Backspace yana komawa salon da ya wuce, sannan Scroll Lock, maɓallin da galibin mutane ba su san amfaninsa ba, yana tsayar da salon da ke kai don kada manhajar ta sauya shi da kanta. Da alamomin + da - ake ba salo maki daga 0 zuwa 5, kuma wanda makinsa ya yi yawa ya fi yawan fitowa idan manhajar na zaɓe da kanta.

Gyara na haƙiƙa yana farawa ne da M, wanda ke buɗe jerin abubuwan da ake iya canzawa a salon. Akwai kuma haruffan da ke aiki kai tsaye, inda ƙaramin harafi da babba ke jan abu ɗaya zuwa ɓangarori biyu masu kishiyantar juna: W na canza siffar igiyar sauti, I na kusanto da hoton ko nisanta shi, G na daidaita haskensa. Waɗannan canje-canje suna ɓacewa da zarar an koma wani salo, sai fa idan an danna S an ajiye su.

Bayan an saki rubutun umarnin da aka gina MilkDrop da shi ga jama'a a 2005, manhajar projectM, wadda ke karanta fayilolin .milk, ta ci gaba da kai salon zuwa kwamfutoci masu amfani da tsarin gudanarwa na Linux da wasu na'urori, sai dai maɓallanta ba su yi daidai da na MilkDrop a ko'ina ba.