Harry Pollitt

Harry Pollitt (1890–1960) ɗan ƙwadago ne ɗan Birtaniya, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren Jam'iyyar Kwaminis ta ƙasar daga 1929 zuwa 1956, in ban da tsakanin 1939 da 1941 da aka sauke shi.

Tasowarsa

An haife shi ranar 22 ga Nuwamba, 1890 a Droylsden, kusa da Manchesta. Mahaifinsa ɗan guduma ne a maƙera, mahaifiyarsa kuma ma'aikaciyar masaƙar auduga. Yana da shekara 12 ya fara aikin rabin wuni a masaƙa. Daga baya ya koyi ƙirar tukwanen tururi a masana'antar jiragen ƙasa da ke Gorton, ya shiga ƙungiyar masu wannan sana'a.

Aikin ƙwadago

Sunansa ya fara fita a gangamin hana Birtaniya tsoma baki a rikicin Rasha. A watan Mayun 1920, 'yan dakon tashar ruwan Landan suka ƙi loda wa jirgin Jolly George makaman da za a kai Polan don yaƙar Rasha, masu zuba masa kwal su ma suka janye hannu. Jirgin da babu kwal ba ya tashi, don haka dole aka sauke kayan. Pollitt na cikin waɗanda suka yi watanni suna wayar da kan ma'aikatan tashar, sai dai marubuta sun saɓa kan girman rawar da shi kansa ya taka a ranar.

Da shi aka kafa Jam'iyyar Kwaminis a 1920. A 1924 ya zama sakataren National Minority Movement. Dabarar wannan ƙungiya ita ce kada a kafa kishiyar ƙungiyoyin ƙwadago: a zauna a cikinsu, a ci zaɓen rassa da na wakilan ma'aikata, a riƙa tura ƙudurori zuwa babban taro. Ta yi ƙarfi a wajen masu haƙar kwal da injiniyoyi. Abin da ya karya ta biyu ne: ƙungiyoyi da dama sun hana 'ya'yanta riƙe muƙami bayan 1926, sannan Mosko ta umarci kwaminis su ɗauki 'yan jam'iyyar Leba a matsayin abokan gaba, wanda ya raba su da talakawan mambobi.

A 1925 aka gurfanar da shi da wasu shugabanni 11 bisa tunzura sojoji su yi bore. Biyar, har da shi, an ɗaure su wata 12, sauran bakwai wata 6. Yana kurkuku aka yi yajin aikin gama-gari na Mayun 1926.

Rikicin 1939

Da yaƙi ya ɓarke a Satumban 1939, Pollitt ya goyi bayan a yaƙi Hitila. Amma Tarayyar Sobiyet ta riga ta ƙulla yarjejeniya da Jamus a watan Agusta, sai umarni ya zo daga Mosko cewa yaƙin na 'yan mulkin mallaka ne, babu ruwan ma'aikata. Ya yi gardama a kwamitin ƙoli, aka rinjaye shi, Rajani Palme Dutt ya karɓi ragama. Bai fice daga jam'iyyar ba. Ya amince da hukuncin a rubuce, ya koma sana'arsa. Da Jamus ta afka wa Sobiyet a Yunin 1941 aka mayar da shi kujerarsa. Mambobi sun kai kusan 56,000 a 1942, adadin da jam'iyyar ba ta sake gani ba.

Bai taɓa shiga majalisa ba. A zaɓen 1945 ya faɗi a mazaɓar Rhondda ta Gabas da tazarar ƙuri'a 972.

Ƙarshen rayuwa

Ana sukarsa da kare Stalin a bainar jama'a, duk da cewa aminiyarsa Rose Cohen na cikin waɗanda aka kashe a Mosko a 1937. Ya sauka daga muƙamin babban sakatare a 1956, bayan shugaban Sobiyet Khrushchev ya tona laifuffukan Stalin. Pollitt ya zama shugaban jam'iyya, John Gollan ya gaje shi a kujerar sakataren. Ya rasu ranar 27 ga Yuni, 1960 a cikin jirgin ruwan Orion, yana dawowa daga Ostireliya.