Taƙaita sayar da magungunan barci da na raɗaɗi a kantunan magani

Taƙaita sayar da magungunan barci da na raɗaɗi na nufin dokoki da ƙa'idojin da ke ƙayyade yawan ƙwayoyin da za a sayar wa mutum a lokaci guda, da inda za a ajiye su a cikin kanti, da wanda ya cancanci a sayar wa, duk da cewa magungunan suna cikin waɗanda ake saye ba tare da takardar likita ba. Abin ya fi shafar farasitamol da asfirin da ibufurofen da magungunan da aka haɗa da kodin, sai kuma masu sa barci irin su daifenhaidiramin da doksilamin da furometazin. Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk maganin da ba a neman takarda kafin a sayar ba shi da wata illa, alhali abin da hukumomi suka tabbatar kawai shi ne cewa illarsa kaɗan ce idan an sha shi daidai ƙima, na kwanaki kaɗan. Waɗannan ƙa'idoji ba sa hana mai naci samun magani. Aikinsu shi ne rage abin da ke taruwa a hannun mutum ɗaya, da kuma sa a yi 'yar magana tsakanin mai saye da masanin harhaɗa magunguna kafin a miƙa masa.

Rabe-raben magunguna a doka

Yawancin ƙasashe sun kasa magunguna gwargwadon haɗarinsu. A Birtaniya, tun daga dokar magunguna ta 1968, kashi uku ake da su: waɗanda kowane shago zai iya sayarwa, da waɗanda sai a kantin magani ƙarƙashin kulawar masanin harhaɗa magunguna, da waɗanda sai da takardar likita. Ostareliya ma tana da tsari mai matakai irin wannan, har ta bambanta maganin da za a ɗauka daga kanta a kantin magani da wanda sai masanin ya miƙa da hannunsa. Amurka kuwa, tun gyaran dokar da aka yi a 1951, asali kashi biyu ta sani, na takarda da wanda ba na takarda ba, shi ya sa maganin da ake ɓoyewa a bayan kanta a Landan ake iya samunsa jibge a babban kanti a birnin New York. Wannan mataki na tsakiya, wato na kantin magani kawai, shi ne wurin da mafi yawan taƙaitawar ke aiki.

Farasitamol

Farasitamol yana cikin magungunan da aka fi yi wa doka kan girman kwali, kuma dalilin yana cikin yadda jiki ke sarrafa shi. Hanta ce ke narkar da shi, kuma a yayin haka wani ɗan kaso yakan rikiɗe ya zama sinadari mai guba, wanda hantar ke kashe kaifinsa da wani sinadarin da take ajiye da shi mai suna gulutatayon. Matuƙar babban mutum bai wuce giram 4 cikin awa 24 ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, ajiyar hantar takan wadatar. Idan an zarce ƙima sai ajiyar ta ƙare, gubar ta shiga cin ƙwayoyin hantar. Abin da ya sa lamarin ya fi muni shi ne cewa a ranar farko mutum kan ji kamar lafiyarsa ƙalau, ko kuma ɗan tashin zuciya kawai, sai bayan kwana biyu zuwa huɗu lalacewar hantar ta bayyana. Akwai makarinsa, wato asetilsistin, amma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko, saboda haka ake umartar duk wanda ya sha fiye da ƙima ya tafi asibiti nan take ko da bai ji komai ba.

A watan Satumban 1998 Birtaniya ta ƙayyade kwalin farasitamol da na asfirin: ƙwaya 16 a shagunan da ba na magani ba, 32 a kantin magani, kuma duk abin da ya haura ƙwaya 100 a sayayya ɗaya sai da takardar likita. Daga baya hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta shawarci masu shaguna da kada su sayar da fiye da kwali biyu a lokaci guda, su kuma daina garaɓasar da ke kwaɗaitar da mutane su sayi da yawa. Hikimar dokar ta dogara ne kan abin da likitoci suka daɗe da lura da shi, cewa da yawa daga cikin masu shan magani da nufin cutar da kansu suna yin haka ne cikin ɗan lokacin da ɓacin rai ya rufe musu ido, da abin da suka tarar a gida, ba tare da wani shiri ba. Idan abin da ke cikin gidan kaɗan ne, kuma sai an ɓalle kowace ƙwaya daga kati maimakon a zazzago daga kwalba, ɓarnar takan ragu, wani lokaci ma zuciya ta huce kafin a kai ga yin ta.

Wani bincike da Keith Hawton na Jami'ar Oxford ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2013, ya gano cewa mace-macen da ke da nasaba da farasitamol a Ingila da Wales sun ragu da kashi 43 cikin ɗari bayan dokar, abin da aka ƙiyasta ya kai rayuka 765 cikin shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni. A Sikotland ba a ga raguwa ƙarara haka ba, kuma wannan na cikin hujjojin masu cewa girman kwali kaɗai bai isa ba. Duk da haka wasu ƙasashe sun bi sahu, kowacce da nata ma'aunin. Ayalan ta tsayar da 12 a shaguna da 24 a kantin magani a 2001. Jamus ta mai da duk kwalin da ya haura giram 10 na takardar likita a 2009. Suwidin ta janye ƙwayoyin farasitamol daga shaguna a 2015 bayan an ga masu shan fiye da ƙima suna ƙaruwa, Faransa kuma ta mayar da farasitamol da asfirin da ibufurofen bayan kanta a Janairun 2020, ta yadda sai an tambaya ake miƙowa. Ostareliya ta rage nata a Fabrairun 2025 zuwa 16 a manyan kantuna da 50 a kantin magani idan ba masanin ne ya ba da ba. A Amurka, inda ake kiran maganin asetaminofen, har yanzu ana sayar da kwalba mai ɗaruruwan ƙwayoyi.

Ba kowane shan fiye da ƙima ne na ganganci ba. Farasitamol yana cikin magungunan mura da na ciwon kai da yawa masu sunaye daban-daban, don haka mutum zai iya shan uku a rana ɗaya bai san abu guda yake maimaitawa ba. Masu yawan shan barasa, da masu ƙarancin nauyi, da waɗanda suka daɗe ba sa cin abinci sosai sun fi saurin cutuwa.

Asfirin da ibufurofen

Haɗarin waɗannan ya fi zuwa ta hanyar daɗewa ana sha: gyambon ciki da zubar jini a hanji, da raunin ƙoda, da tayar da asma ga wasu. Ƙimar ibufurofen ga babban mutumin da bai ga likita ba ita ce miligiram 1,200 a rana, kuma ana hana masu juna biyu shi musamman idan ciki ya tsufa. Ba a ba 'yan ƙasa da shekara 16 asfirin a Birtaniya saboda cutar Reye, wadda ke kumbura hanta da ƙwaƙwalwa. Ɗan'uwansu daikulofenak na sha, wanda a da ake saye a kantin magani a can, an mai da shi na takardar likita a 2015 saboda haɗarinsa ga zuciya.

Kodin

Matsalar kodin daban ce, domin jaraba ce da ke shiga a hankali. Hanta tana juya shi ya zama mofin, wato wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi da ke sa jaraba, kuma mutane sun bambanta wajen saurin wannan juyi: wasu kusan ba ya musu aiki, wasu kuwa jikinsu yana juya shi da sauri har numfashi ya yi rauni, shi ya sa aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 da masu shayarwa. A magungunan da ake sayarwa ba takarda, kodin kaɗan ne, misali miligiram 8 haɗe da miligiram 500 na farasitamol. A nan tarkon yake, domin wanda ya kamu yana neman kodin ɗin ne, amma kafin ya samu abin da jikinsa ya saba da shi sai ya haɗiyi farasitamol ko ibufurofen mai yawa, wanda shi ne ke lalata masa hanta ko ya huda masa ciki.

A 2009 Birtaniya ta tsayar da kwalin irin waɗannan a ƙwaya 32, ta kuma wajabta a rubuta a jikinsa cewa yana iya jawo jaraba kuma na kwana uku ne kawai. Wasu ƙasashe sun ga gargaɗi da ƙaramin kwali ba sa tare mai jaraba, tunda zai iya zagaya kantuna biyar a yini ɗaya, sai suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Faransa ta mai da kodin na takardar likita a Yulin 2017 bayan mutuwar wasu matasa biyu, Ostareliya ta yi haka a 1 ga Fabrairun 2018, New Zealand a 2020. Nijeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018, Birtaniya ma ta mai da nata maganin tarin na takarda a 2024.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne cewa maganin ciwon kai da kansa yana iya haifar da ciwon kai. Likitoci suna zargin haka idan mutum yana shan maganin raɗaɗi na yau da kullum kwana 15 ko fiye a wata, ko mai kodin kwana 10, har tsawon wata uku.

Magungunan barci

Mafi yawan magungunan barcin da ake saye ba takarda, asalinsu magungunan alaji ne na farkon zamani, wato na ƙaiƙayi da atishawar da kan taso idan jiki bai amince da wani abu ba, waɗanda ke ratsawa cikin ƙwaƙwalwa su kawo gyangyaɗi. Daifenhaidiramin, wanda George Rieveschl ya haɗa a farkon shekarun 1940, shi ne ke cikin Nytol da Benadryl na Amurka; doksilamin na cikin wasu nau'o'in Unisom, furometazin kuma shi ne Phenergan. Abin da a da ake ɗauka illa ce ta maganin, wato barcin da yake sawa, shi aka mayar haja.

Jiki yana sabawa da su cikin kwanaki kaɗan, sai ƙarfin sa barcin ya ragu, mai sha ya fara tunanin ƙari, alhali illolin suna nan: bushewar baki, da taurin bayan gida, da wahalar fitsari, da dishi-dishin gani, da nauyin jikin da kan kai har washegari ya sa tuƙi ya zama haɗari. Ga tsofaffi abin ya fi tsanani, domin yana kawo ruɗewa da faɗuwa, kuma jerin Beers na ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ya sa su cikin magungunan da ya kamata 'yan shekara 65 zuwa sama su guje wa. Masu hawan jinin ido da maza masu kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, ma ana gargaɗinsu. Idan an sha da yawa suna iya rikita bugun zuciya, su kawo jijjiga da gane-gane, kuma a Satumban 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wata gasa da ta yaɗu a TikTok inda matasa ke shan daifenhaidiramin fiye da ƙima. Saboda waɗannan illoli ne a Birtaniya ake sayar da su a kantin magani kawai, takardar cikin kwalin Nytol tana hana a wuce mako biyu ba tare da ganin likita ba, kantuna da yawa kuma kwali ɗaya suke bayarwa. Akwai kuma haɗin da ke ɗauke da maganin raɗaɗi da na barci a ƙwaya ɗaya, kamar Tylenol PM, inda mai neman barci kawai ke shan farasitamol ɗin da ba ya bukata kowane dare.

Melatonin ya nuna yadda ƙasashe suka saɓa: a Amurka ana sayar da shi a matsayin ƙarin sinadarin abinci, a Birtaniya sai da takardar likita, a Ostareliya kuwa tun 2021 masanin harhaɗa magunguna zai iya ba 'yan shekara 55 zuwa sama wani nau'insa. Ga rashin barcin da ya daɗe, ƙungiyoyin likitoci sun fi ba da shawarar a fara da horon gyara tunani da ɗabi'un kwanciya kafin a koma ga ƙwaya.

A bakin kanta

Da yake doka ba ta iya hango kowane mai saye, sauran aikin yana hannun masanin harhaɗa magunguna da ma'aikatansa. Sukan tambayi wa zai sha, da abin da ke damunsa, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da abin da ya riga ya gwada, da sauran magungunan da yake sha. Masanin yana da ikon ƙin sayarwa idan ya ga mutum yana yawan dawowa, ko yana neman babban kwali da suna ba ya son a ba shi wani madadi, kuma ƙa'idar aikinsa ta nemi ya haɗa ƙin da shawarar inda za a nemi taimako.

Masu suka suna da hujjoji masu nauyi. Mai ciwon gaɓoɓi na dindindin, ko wanda ke nesa da kanti, ko mai jinyar iyali duka a lokacin mura, ƙaramin kwali yana ƙara masa zirga-zirga da tsada, kuma tambayoyin da ake yi a gaban jama'a kan sa mutumin kirki ya ji kamar ana tuhumarsa. A ɗaya ɓangaren, inda babu rajistar da ta haɗa kantuna, wanda aka ƙi sayar wa a nan zai samu a gaba, sayayya ta intanet kuma ta ƙara sauƙaƙa hakan, tunda akwatin tambayoyi da ake cikewa a allo ba ya ganin fuskar mai amsawa. Shi ya sa hukumar da ke kula da kantunan magani a Birtaniya ta wajabta wa masu sayarwa ta intanet su tantance mai saye, su kuma sa ido kan odar da ake maimaitawa daga adireshi ɗaya ko katin banki ɗaya.